Kamfani ya rage ma'aikata: in karɓi kuɗin sallama ko in zauna?

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Allah gafarta Malam ina neman fatawa. Shekara 9 kenan ina aiki da wani kamfani nan cikin Katsina, yanzu sun ce kasuwa ta ja baya an sallami wasu, mu da muka rage an bamu zaɓi, ko mutum ya karɓi kuɗin sallama ya tafi (nawa ya kama miliyan 4 da dubu 200) ko ya zauna a zabtare mashi kusan kashi 30 na albashi, sati biyu suka bamu. Kuɗin nan halal ne tunda ba aikinsu nayi ba? Kuma abokina yace in na karɓa dole in fidda zakka a ranar. Sannan akwai ragowar bashin banki miliyan 1 da dubu 600 da naci na ƙarasa gini, a albashi ake cira, shine nake tunanin a tura kuɗin asusun maiɗakina kar banki su taɓa. Ita ma ban faɗa mata komi ba tukuna. Daga Ƙofar Ƙaura.

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya yaye maka ɗan'uwa, ya musanya da mafi alheri.

Kuɗin sallama halal ne, ko yana cikin sharuɗɗan da aka ɗauke ka a kansu ko kyautatawa ce daga kamfani, matuƙar aikin da kake masu ba na haram ba ne. Zama ma halal ne in ka yarda da sabon albashin. Da nan tambayarka ta tsaya da sai in ce yi istihara ka zaɓi wanda ya kwanta maka.

Amma abin da ka sako a ƙarshe kamar ba komi ba, shi ne babba a wasiƙar. Bashin nan da ake cira a albashi, in dai na bankin kasuwanci ne da aka saba, ba bankin Musulunci irin su Jaiz ko TAJ ba, to da ruwa a kansa, kuma duk watan da ya ƙara kwana a wuyanka riba kake ciyarwa. In ka zauna kamfani ya rage albashi, banki ba zai rage nashi ba ko sisi, zaka ci gaba da biyan ruwa daga albashin da ya riga ya rame, kuma ba wanda ya baka takarda cewa in aka sake rage mutane baɗi za a sake bada wannan miliyan 4 ɗin. In ka karɓa kuwa rana ɗaya zaka iya tsinke igiyar. Saboda haka a halin da kake ciki ni na fi karkata ga ka karɓa ka fara da bashin, sai fa in kana da wata hanyar biyansa nan kusa, ko kuma ka san babu wata sana'a da hannunka ya iya kuma akwai mara lafiya a gida da ke rataye da inshorar lafiya ta kamfani. Wannan kai ka san shi. Fita daga riba ga wanda ya samu iko wajibi ne, tare da tuba kan shigar da aka yi tun farko.

Maganar ɓoye kuɗi a asusun iyali kuwa ka bar ta. Uwar kuɗin da ka ranto hakkin banki ce, haramcin ruwa bai mayar da ita taka ba, kuma jinkirin mai hali wajen biyan bashi zalunci ne kamar yadda hadisi ya tabbatar. Ka je ka zauna da su kace zaka biya gaba ɗaya, ka matsa a sauke maka ruwan watannin da basu zo ba, abin da suka ƙi saukewa ka biya kana ƙinsa a zuci. Ko ta fuskar dabara ma ba amfani, tun 2020 Babban Banki ya ba bankuna damar bin bashi su cira daga duk asusun da ke kan BVN ɗin mutum, kenan ka hana kanka ajiye kuɗi da sunanka. Kuma sau nawa ake zuwa mana da rigimar gado kan irin wannan, miji ya ajiye kuɗi da sunan mata ba shaida ba rubutu, ya faɗi ya mutu, mata tace kyauta ce, dangi su ce ajiya ce, marayu su tashi a tutar babu.

To sai zakkar abokinka. Ba daga kansa ya ƙirƙiro ba, ra'ayi ne na wasu malaman zamani, fitaccensu Shaihu Yusuf Alƙardawi, cewa albashi da makamantansa ana fidda masu zakka ranar da suka shigo hannu, suna kwatanta shi da amfanin gona da ake fiddawa ranar girbi, suna kuma kafa hujja da abin da aka ruwaito daga Ibnu Abbas da Mu'awiya. Muna girmama su amma maganar bata da ƙarfi. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa daga Nafi'u daga Ibnu Umar cewa zakka bata wajaba a dukiya sai shekara ta zagayo mata. Ya kuma kawo cewa Sayyadina Abubakar in zai ba mutane rabonsu na baitulmali sai ya tambayi mutum ko yana da wata dukiya da zakka ta hau kanta, in yace eh sai a cire zakkar waccan dukiyar daga rabon, in yace a'a sai a miƙa mashi rabonsa cif ba a taɓa ba, Sayyadina Usman ma haka yayi. Ka ga da rabon kansa ake wa zakka ranar karɓa mi zai sa a yi tambayar? Shi kuma aikin Mu'awiya, Ibnu Shihab, malamin Imamu Malik, cewa yayi Mu'awiya ne farkon wanda ya cire zakka daga rabon, kalmar "farko" ɗin nan ita da kanta ta nuna kafinsa ba haka ake ba. Kwatancen gona ma bai zauna ba, manomin Ɓatagarawa in ya fidda ɗaya bisa goma na geronsa ya gama, ko ya shekara uku a rumbu ba a sake bin shi, kuɗi kuwa duk shekara ake binsu ɗaya bisa arba'in. Babi biyu ne kowane da lokacinsa da ma'auninsa, ba a ɗauko lokacin wannan a ɗora ma ma'aunin wancan. A mazhabarmu ta Malikiyya irin wannan kuɗin sunansa fa'ida, ranar da ya shigo hannunka ka fara ƙirga masa shekara. Kuma ko su masu wancan ra'ayin sai an cire bashi da buƙatun dole an ga saura ya kai nisabi, naka kuwa bayan banki miliyan 2 da dubu 600 ne, nisabin zinare dinari 20 ne wajen giram 85, je ka tambayi farashin giram ɗaya a kasuwa ka lissafa da kanka. In shekara ta cika kana da nisabi ka fidda dubu 25 a kowace miliyan, sadaka kuma ƙofarta a buɗe take tun yau.

Kafin ka sa hannu ka kai takardar wajen lauya ko wanda ya san dokar ƙwadago ya karanta maka, a rubuta adadin da ranar biya, kar ka yarda da "za mu tura maka". Ka duba ko kamfani ya zuba maka fansho har watan ƙarshe, nasu kashi 10 naka kashi 8. Dokar fansho ta 2014 ta ba wanda bai kai 50 ba damar cire har kashi 25 na asusunsa in ya wata 4 bai samu wani aiki ba, ka san da ita amma kar ka yi gaggawar taɓawa.

Kuɗin sallama suna da ƙafa ɗan'uwa. Ranar da alat ya shigo zaka ga 'yan uwan da ka manta da su, da masu "kawo a juya maka duk wata kaza". Mutanenmu sun sha wuta a irin wannan tsarin juya kuɗi na yaudara, MMM a 2016, aka sake sha a CBEX a 2025, duk wanda ya yanke maka riba tabbatacciya ba asara ka gudu. Ka ware cefanen wata 6 da kuɗin makarantar yara gefe guda, saura ka sa a abin da ka sani ko ka shiga da wanda ya sani a rubuce da shaidu, kar ka kwashi duka ka tafi Mai'adua sayen shanu alhali baka taɓa kiwon ko akuya ba. Ƙarin aure da canza mota su jira.

Istihara kai zaka yi da kanka, raka'a biyu da addu'ar, ba a ba wani kwangilarta kuma ba sai ka yi mafarki ba. Sannan daren yau ka zaunar da maiɗakinka ka faɗa mata, matar da ka amince ka zuba miliyoyi a asusunta ta cancanci taji labarin daga bakinka kafin taji a gidan biki. In kuma bayan duk wannan ka zaɓi zama, to ka yi masu aiki cikakke, ragin albashi da ka yarda dashi baya halatta maka ragin aiki, kuma ka nemi hanyar kashe bashin nan ko da sayar da wani abu ne.

Wallahu a'alam.