Amsa ga mai tambaya kan littattafan manoman Amurka na dā: gaskiya ne ko ƙirƙira?

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce an kawo wa 'yarki mai shekara 11 tsarabar littattafan Laura Ingalls Wilder, marubuciyar Amurka da ta ba da labarin yarintarta a cikinsu, kina son sanin ko abin da ke ciki ya faru da gaske, kuma ko ya dace ki bar ta ta karanta. Na karanta su da yarana uku, ɗaya bayan ɗaya, har bangon wasu ya rabu muka ɗinke da zare, don haka bari in faɗa miki abin da na gani.

Ki bar ta ta karanta. Amma ki sani gaskiyarsu tana cikin ƙananan abubuwa ne: yadda ake girki, yadda ake gina ɗaki, yadda sanyi ke gallaza wa mutum. A manyan abubuwa kuwa an yi kwaskwarima sosai.

Asalin lamarin shi ne, a 1862 gwamnatin Amurka ta yi dokar da ta ba magidanci damar karɓar fili eka 160 a yammacin ƙasar, in ya zauna ya noma shi shekara biyar ya zama nasa. Kanada ma ta yi irin tata a 1872. Sai jama'a suka ɗaura kaya a amalanken dawaki suka nausa Kansas da Nebraska da Dakota, wasu ma daga Norway da Sweden suka taso. Wurin kuwa shimfiɗaɗɗiyar ciyawa ce iya ganinki, ba bishiyar da za a sara. Shi ya sa da yawa suka riƙa yanka fatar ƙasa haɗe da saiwar ciyawa, su jera kamar tubali, su yi ɗaki. Wasu ramin gefen rafi suka haƙa suka shiga, iyalin Laura ma sun yi zaman irin wannan a Minnesota.

A nan Minnesota ɗin ne labarin ya fi taɓa ni. Uban Laura ya ci bashin katako ya gina gida, da niyyar in alkama ta nuna ya biya. Ana saura kwanaki girbi sai fara ta sauko kamar hadari, ta cinye gonar tas. Wannan ba ƙirƙira ba ce, fara ta yi wa yankin mummunar ɓarna daga 1873 zuwa 1877. Me uban ya yi? Ya taka a ƙasa da yagaggen takalmi ya tafi gabas neman ƙwadago a gonakin da fara ba ta kai ba, ya bar mace da yara. Ina karanta wa autana wannan wurin kakarsu tana gefe tana tsince shinkafa, na fassara mata, sai ta ce, "To ai cin rani ke nan, ashe Turawa ma sun yi." Daga ranar sai ta riƙa tambaya ko mutumin ya dawo.

Wanda yarana suka fi so shi ne The Long Winter, labarin hunturun 1880 zuwa 1881 a garin De Smet na Dakota. Ƙanƙara ta toshe layin dogo wata da watanni, jirgi bai shigo da abinci ko gawayi ba. Suka koma murɗa busasshiyar ciyawa tana zama kamar itace suna hura wuta da ita, hannuwa duk sun tsattsage. Alkama kuma a ɗan injin niƙa kofi na hannu ake niƙa ta, ana karɓa-karɓa tun safe, don a samu burodin yini ɗaya. Yaron da ya saba yi wa tuwo yanga, in ya karanta wannan, sai ki ga jikinsa ya yi sanyi.

To ga inda aka yi kwaskwarimar. An haifi Laura a 1867, littafinta na farko bai fito ba sai 1932, tana da shekara 65, kuma 'yarta Rose, wadda marubuciya ce, ta sa hannu sosai a gyaran rubutun. Zaman Kansas da aka ba da labarinsa a Little House on the Prairie, lokacin Laura ba ta wuce shekara huɗu ba, labarin manya ta ji ta ɗora. Ta yi ƙane namiji da ya rasu yana wata tara a 1876, ko sunansa babu a littattafan. Haka zaman da suka yi a Iowa suna aiki a wani otal cikin talauci, an tsallake shi gaba ɗaya. Ba na ganin laifinta sosai, don yara ta rubuta. Sai dai mai karatu zai ɗauka ƙwazo kaɗai ke fid da manomi, alhali uban nata ya sha tashi daga gona ba tare da ya ci riba ba.

Babbar matsalar ita ce maganar masu ƙasa. Filin da suka kafa gida a Kansas na ƙabilar Osage ne, 'yan asalin ƙasar tun kafin zuwan Turawa, kuma a lokacin iyalin Laura ba su da izinin zama. Amma a littafin sai ki ga kamar Osage ɗin ne baƙi masu kutse, uwar tana ƙyamarsu, maƙwabta suna faɗin munanan kalamai a kansu. Ba a jima ba aka tashi Osage ɗin zuwa inda ake kira Oklahoma yanzu. Saboda irin wannan ne a 2018 ƙungiyar masu kula da ɗakunan karatu na yara a Amurka ta cire sunan Laura daga wata lambar yabo. Ni abin da na yi, da muka zo babin da Osage ke wucewa a jere kan dawakai suna barin ƙasarsu, na rufe littafin na tambayi babbar 'yata: gonar wa aka ba su kyauta? Ta yi shiru, can ta ce, "Umma, ashe ba daji ba ne." Mun fi awa muna wannan hira.

Ke kuma, in kina son naki na manya, akwai biyu da ba su ɓoye ɗacin ba. A My Ántonia na Willa Cather, 1918, mahaifin yarinyar mai suna Ántonia, baƙo daga Bohemiya da ke ƙasar Czech ta yau, bai iya jure hunturun farko a Nebraska ba, ya kashe kansa. A Giants in the Earth na Ole Rølvaag, wanda aka fara rubutawa da harshen Norway kafin fassarar Turanci ta 1927, mijin yana ta murnar faɗin gona, matar kuwa faɗin ne ke firgita ta, ba bishiya ba tudu ba inda za ta fake, har hankalinta ya taɓu. Duk macen da aka kai aure nesa da dangi za ta gane wannan matar. Waɗannan biyun kada ki ba 'yar shekara 11 tukuna.

Ki fara mata da Little House in the Big Woods, shi ne mafi sauƙin Turanci. Akwai yanka alade da kaɗa goge da rawa a ciki, ki shirya amsa, don za ta tambaya. Na Kansas ɗin kuma ki ajiye shi a ɗakinki sai ranar da kike da sararin zama ku karanta tare.