Zauren Tambaya da Amsa: Ƙungiyoyin Hidima na 'Yan Sakandare, Tara Kuɗi da Ranar Gangami

Wasiƙun wannan fitowa sun zo ne daga iyaye da malamai da ɗaliban da ke cikin ƙungiyoyin aikin sa kai na makarantun sakandare. Mun zaɓi guda biyar, mun taƙaita su.

Tambaya daga wata uwa: 'Yata ta shiga ƙungiyar hidima a makarantarsu. Yanzu ba ta da zance sai gangami, rigar ƙungiya da kirari. Ina taimakon jama'a a cikin ihu da tafi?

Amsa: Hajiya, tambayarki tana kan hanya. Irin waɗannan ƙungiyoyi sun daɗe. Kiwanis ta kafa Key Club a 1925 a wata sakandare da ke Sakaramento ta jihar Kalifoniya a Amurka. Leo Club ta Lions ta fara a 1957 a jihar Fensilbaniya, Interact ta Rotary kuma a 1962 a Fulorida, don 'yan shekara 12 zuwa 18. Kowacce tana da babbar ƙungiya ta manya da ke tsaya mata, wato Kiwanis ko Lions ko Rotary, da malami ko babba mai sa ido. Ana buƙatar kowane reshen Interact ya yi aƙalla ayyuka biyu a shekara: ɗaya don makarantarsa ko al'ummarsa, ɗaya don ƙarfafa fahimtar juna tsakanin ƙasashe.

Gangami rana ce da rassa da yawa ke haɗuwa wuri ɗaya, kowane da launinsa da tutarsa, su bayyana abin da suka tara, su yi gasar kirari. A yankin Key Club da ya haɗa Kalifoniya da Nebada da Hawayi, gangamin da suke yi kowace kaka ya shafe shekaru yana tara kuɗi don shirin kare yara daga munanan raunuka da tallafa wa asibitocin da ke kula da su. Ihun da tafin su ne ke sa yaro ɗan shekara 15 ya jure makonni yana wanke motoci don tara wa ƙungiya kuɗi. Amma ki yi wa 'yarki tambaya biyu: wa za a ba kuɗin, kuma nawa kuke son tarawa? Idan ta amsa ba tare da kame-kame ba, ƙungiyar tana da alƙibla. Idan ba ta sani ba, ki nemi ganin malamin da ke kula da su.

Tambaya daga wani ɗalibi, ma'ajin ƙungiya: Bara mun buga riguna mun sayar, mun yi ciniki sosai, amma da aka zo lissafi ɗan abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Ina muka yi kuskure?

Amsa: Ɗana, kun ƙirga ciniki ne kun ɗauke shi riba. Bari mu ɗauki misali da ƙananan lambobi, ka sa kowane irin kuɗi kuke amfani da shi. Kun buga riga 100, kowacce a kan 6, kun biya 600. Kuna sayarwa a kan 10. Sai kun sayar da riga 60 kafin uwar kuɗinku ta dawo. Idan kun sayar da 70, kuɗin hannunku 700 ne, riba 100 kacal, ga riga 30 a kwali, yawancinsu masu girman da babu mai so, kuma an rubuta shekarar a jiki, baɗi ba za su sayu ba. Da kun karɓi oda da kuɗi tukuna kuka buga 70 ɗin kawai, da kun kashe 420, ribar ta zama 280. Ko da mai bugawa ya ɗan ƙara farashi saboda adadin ya ragu, kun fi samun riba.

Saboda haka, kada a fara bugawa sai masu oda sun biya. A buɗe takarda mai suna, aji, girman riga da lambar rasit, a rufe karɓar oda makonni huɗu kafin gangami, a ƙara guda biyar kawai don masu makara. A tsaya kan launin fenti ɗaya, domin a bugun riga kowane launi allonsa daban, kuɗinsa daban. Kuma a nemi mai bugawa ya kawo samfur ɗaya, mutum biyu su karanta rubutun harafi-harafi. Kuskuren harafi ɗaya kan riga 70 asara ce da ba ta gyaruwa.

Mu a ganinmu, ƙungiyar da asusunta ba shi da nauyi ta fara da aikin da ba ya cin jari. Biyu sun fi amfani.

Na farko gasar aji da aji. Kowane aji a ba shi gora ko kwalba mai haske da aka liƙe murfinta, aka huda ƴar ƙofa. Ƙananan kuɗi da aka zuba a gorar aji maki ne gare shi. Babbar takardar kuɗi kuwa, idan aka jefa ta a gorar wani aji, rage masa maki take yi daidai darajarta. Kun ga kowane aji zai riƙa cika tasa da ƙanana, yana kai wa abokan gasa hari da manya, kuma duka kuɗin asusu ɗaya za su shiga. Kwana biyar sun isa. Idan aka wuce mako ɗaya zumuɗin yakan mutu. A riƙa faɗin sakamako kowace safiya a taron ɗalibai, a kwashe kuɗin kowace yamma, kada gora ta kwana a aji. Kada a rubuta sunan wanda ya bayar ko nawa ya bayar, don kar a kunyata yaron da ba shi da hali.

Na biyu wankin mota. A raba yara huɗu-huɗu. Mota ɗaya takan ci kamar minti 15, wato rukuni uku za su iya wanke 12 a awa, kusan 48 cikin awa huɗu idan motoci ba su yanke ba. Su kuwa motoci sukan yanke, shi ya sa ake sayar da tikiti tun mako guda kafin ranar, a rubuta wa kowa lokacinsa. Kowane rukuni bokiti biyu: na kumfa da na ɗauraye soso. A fara watsa ruwa zalla don yashi ya sauka, a wanke daga sama zuwa ƙasa, tayoyi a ƙarshe da soso na daban. Soson da ya faɗi ƙasa kada ya koma jikin mota sai an wanke shi tas, domin ƙwayar yashi ɗaya tana iya jan layi a fenti daga ƙofa zuwa ƙofa, gyaran kuma ya cinye ribar yinin. A yi a inuwa, saboda ƙarfe mai zafi yana busar da kumfa ya bar dabbare-dabbare. Ɗalibi kada ya tuƙa motar kowa, ko da matsar da ita ne taku biyu.

Tikitin cin kyauta ta hanyar ƙuri'a kuwa, a wurare da yawa doka tana ɗaukarsa cikin caca, sai da izini, kuma iyaye da yawa ba za su yarda da shi ba. Ku bar shi.

Tambaya daga wata malama mai kula da ƙungiya: Kuɗi suna bi ta hannun yara da yawa. Ba na zargin kowa, amma kullum lissafi ba ya cika, har an fara ƴan maganganu.

Amsa: Malama, yawancin gibin da ake samu ba sata ba ne. Canji ne da aka bayar ba daidai ba, da bashin "gobe zan kawo", da kuɗin da aka zara daga akwati aka sayo igiya ko fenti ba a rubuta ba. Amma da zarar an fara raɗe-raɗi, yaron kirki ne ke kwana da baƙin ciki. Tsari mai kyau ne ke kare shi.

Ki samo littafin rasit mai lamba da kwafi. Duk wanda ya karɓi littafi ya sa hannu cewa ya karɓi lamba kaza zuwa kaza, ya dawo da kuɗi daidai da rasitan da ya yanka. Teburin sayarwa akwati ɗaya, mai riƙe shi mutum ɗaya a kowace awa. Kuɗin canji da aka fara da shi a ƙirga a rubuta tun safe, a cire shi kafin a ce ga cinikin yini. Ƙirgar yamma mutum biyu za su yi, waɗanda ba ƴan gida ɗaya ba, kowa ya ƙirga shi kaɗai, a gwada lambobin, su sa hannu ke ma ki sa. Kuɗin su shiga asusun makaranta ko na ƙungiyar da ke tsaya muku a ranar ko washegari. Kada su kwana a jakar ɗalibi, kada kuma a turo su asusun bankin wani mutum, ko da naki ne. Sayayya kuma daga wani ƙunshi daban za a yi ta, da rasit. Bashi babu.

Abin da mutane ke mantawa shi ne tuntuɓar waɗanda za a ba kuɗin tun kafin a fara. Ba a fafe gora ranar tafiya. Makonni takwas kafin gangami ki sami izinin shugaban makaranta a rubuce, ki rubuta wa asibitin ko gidan marayun ko asusun da kuka zaɓa: sun yarda a yi amfani da sunansu? Me suka fi buƙata? Ta wace hanya suke karɓar gudummawa? Bayan an miƙa, ki karɓo takardar shaida, ki liƙa ta a allon sanarwa tare da lissafi mai layi uku: abin da ya shigo, abin da aka kashe, abin da aka miƙa.

Tambaya daga shugabar wata ƙungiya: Mu kusan 60 ne, amma idan muka fara kirari sai ya watse, na gaba suna wani wuri na baya suna wani. Kafin a zo gasar ma muryoyinmu sun dishe.

Amsa: 'Yata, yawan mutane ba shi ne ƙarfin kirari ba. Mutum 25 da bakinsu ya zo ɗaya sun fi 60 da kowa ke jan nasa.

Abu uku ke watsa kirari. Tsawo: idan baiti ya wuce abin da za a faɗa da numfashi ɗaya, rabin mutane za su yi shiru a tsakiya su shaƙi iska. Ki yanka kowane baiti ya zauna kan bugu huɗu, jagora ta bayar, jama'a su amsa, kuma amshin kada ya wuce kalma uku ko huɗu, masu ƙarewa da buɗaɗɗen wasali, don shi ke tafiya nesa. Sai gaggawa: duk taron da jini ya ɗiba yakan ƙara sauri ba tare da ya sani ba. Maganinsa ganga ɗaya, a hannun mutum mai natsuwa, a tsakiyar rukuni ba a gefe ba. Na uku, bin kunne. A cikin hayaniyar ɗaruruwan mutane na baya ba sa jin jagora, maƙwabcinsu suke bi, shi ma yana bin wani, jinkirin yana taruwa layi bayan layi. Don haka jagora ta tsaya inda kowa ke ganinta, ta fuskance ku, ku bi hannunta: hannu sama a shirya, ya sauko a fara, ta dunƙule a yi tsit. Wannan tsit ɗin ku fi ba shi lokaci a gwaji. Mutum 60 su yanke murya a daƙiƙa ɗaya, filin ya yi shiru, ya fi kowane ihu ratsa jiki.

Kirari uku sun wadatar: na shiga fili, gajere na amsawa idan an kira sunanku, da babba na gasa wanda ba za ku taɓa shi ba sai lokacinsa. Ku saka sunan aikin da kuke tara wa kuɗi a cikin babban, don masu sauraro su san abin da ya kawo ku. Gwaji minti 20, sau uku a mako, na makonni uku, kuma na ƙarshe a yi shi a fili, a tura mutum ɗaya can nesa ya faɗa muku ko kalmomin suna fita. Masu ƙarfin murya a warwatsa su cikin layuka, kada a tara su gaba.

Dishewa kuwa daga maƙogwaro take, idan ana matse shi ana tsala ƙara da siririyar murya. A ja numfashi har ciki ya taso, a saki murya mai kauri daga can. Kada a yi ihu a mota a hanyar zuwa; nan ake ƙarar da rabin murya. Kowa da gorar ruwansa, yana kurɓa a kai a kai. Wadda muryarta ta fara shaƙewa ta koma tafi, kada ta yi ta raɗa, don raɗa ma tana gajiyar da maƙogwaro. Kuma kada kirarinku ya taɓa mutuncin wata makaranta. Idan abokan gasa suka gama nasu, ku tafa musu. Asusu ɗaya kuke yi wa aiki.

Tambaya daga wani uba: An roƙe ni in raka ɗalibai gangami. Me zan kula da shi?

Amsa: Malam, Allah ya saka da alheri. Ka nemi a ba ka yara da ba su wuce goma ba, da sunayensu, da lambobin iyayensu, da bayanin mai asma ko wata lalura da inda maganinsa yake. Takardar izinin iyaye ta kasance a hannun malami kafin mota ta tashi. Ka haɗa su biyu-biyu, ko bayan gida ba mai zuwa shi kaɗai. Da isarku ka nuna musu wuri ɗaya tsayayye da za a haɗu idan an rabu, ka nuna musu wurin ba da agajin gaggawa. Ka ƙirga su da kiran suna sau huɗu: kafin tashi, da isa, da tsakar rana, da kafin a juyo.

Yaron da ya yi shiru bayan yana ta tsalle, yana kukan jiri ko ciwon kai ko tashin zuciya, zafi ne ya fara cin sa. A kai shi inuwa, a sassauta masa kaya, a jiƙa masa wuya da fuska, ya sha ruwa kaɗan-kaɗan. Idan ya fara ruɗewa ko maganarsa ta sauya, a kira ma'aikatan lafiya nan take. Fentin fuska a gwada shi a hannu kwana ɗaya kafin ranar, kuma na fata kawai, ban da fentin kwali. Usur da ƙaho kada a busa su kusa da kunnen kowa. Tutar yadi mai faɗi a yi mata ƴan tsage don iska ta wuce, in ba haka ba za ta fizge masu riƙe ta. Harafinta kuma ya kai tsawon santimita 25 idan ana so a karanta shi daga nisan mita 30. Kuɗin gudummawar kada ya biyo ku a jaka: a tura shi tun kafin ranar, ku zo da takardar shaida kawai.