Kwatabak mai taka-tsantsan a wasan ƙarshe: tsoro ne ko dabara?

Tambaya: Malam, na fara bin ƙwallon Amurka, kuma na lura a wasan ƙarshe na Super Bowl wasu kwatabak ba sa jefa ƙwallo da nisa, sai gajeren jifa da miƙa wa masu gudu. Wannan ba tsoro ba ne?

Amsa: Malam, a ganina mafi yawan lokaci ba tsoro ba ne. Kwatabak shi ne ke karɓar ƙwallo a farkon kowane hari, shi ke zaɓar wanda zai jefa wa. Duk jifa mai nisa tana ɗauke da haɗarin abokan hamayya su cafke ta a sama, kuma a wasan da ba a sake shi, ƙwallo ɗaya da aka yi asara tana iya tafiya da kofin.

A Janairun 1974, Miami Dolphins ta doke Minnesota Vikings da 24-7, kuma kwatabak ɗinta Bob Griese jifa 7 kacal ya yi a duk wasan, 6 suka isa hannun mutanensa. Ba ya buƙatar fiye da haka, domin Larry Csonka na ratsa masu tsaron Vikings, ya ci yadi 145 da gudu. Gudu da ƙwallo yana cinye lokaci, wanda ke gaba da maki kuwa agogo abokinsa ne.

Trent Dilfer na Baltimore Ravens shi ne sunan da ake yawan kawowa. A Janairun 2001 ya jefa 25, 12 suka shiga, yadi 153, ba a cafke ko ɗaya ba, suka lallasa New York Giants da 34-7. Masu tsaron Ravens maki 165 kawai suka bari a wasanni 16 na kakar, don haka aikinsa shi ne kada ya ɓata musu. Takwaransa Kerry Collins an cafke masa 4. Duk da haka Ravens ba ta sabunta kwantiragin Dilfer ba, abin da har yau nake ganin rashin adalci ne.

Amma inda na fi so ka duba shi ne Fabrairun 2017. Atlanta Falcons ta taɓa yin gaba da 28-3, New England Patriots ta rage zuwa 28-20. Saura ƙasa da minti 5, Julio Jones na Falcons ya kama wata ƙwallo a bakin layi, yatsun ƙafarsa na jan ciyawa, ya kai su yadi 22 daga gidan Patriots. Daga nan suna iya yin bugun ƙafa mai maki 3, wanda da ya mai da tazarar 11. Maimakon a ci gaba da gudu a ƙona lokaci, sai aka kira jifa. Matt Ryan, kwatabak ɗin Falcons, ya riƙe ƙwallo har Trey Flowers na Patriots ya kayar da shi, suka yi asarar yadi 12, laifin riƙe abokin hamayya ya biyo baya ya ƙara mai da su baya, suka fita daga zangon bugun. Da ya wurgar da ita waje kawai, da zancen ya bambanta. Patriots ta rama, ta ci 34-28 a ƙarin lokaci.

Gaskiya ne salon yana da iyaka. Idan ana binka da maki 14 a zango na huɗu, wato na ƙarshe, ko masu tsaronka ba su da ƙarfi, gajeren jifa ba zai fisshe ka ba, dole ka saki hannu. Kuma ka tuna yawancin tsarin harin koci ne ke kiransa ta na'urar da ke cikin hular kwanon kwatabak, saboda haka kafin ka ɗora masa laifi, duba maki, sauran lokaci, da wanda ya kira wasan.