Baba yana ƙwarewa da ruwa: me za mu fara saya?

Tambaya: Mahaifinmu ya samu shanyewar ɓarin jiki wata huɗu da suka wuce, kuma tun daga lokacin yake ƙwarewa idan ya sha ruwa ko shayi, tuwo ma yana tsaya masa a maƙoshi. Yayana ya ce mu sayi garin kaurara ruwa na ƙasar waje, ni kuma ina ganin injin markaɗe ya fi. Kuɗinmu ba zai isa duka biyun ba. Daga wata mai karatu a Tudun Wada, Zariya.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya, ya saka muku da alheri kan jinyar da kuke yi. Kafin ku sayi komai, ku kai shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a duba haɗiyarsa, domin abin da ya kauce hanya yana iya gangarawa cikin huhu ya jawo nimoniya, wani lokaci ma ba tare da mara lafiya ya yi tari ba. Likita ne zai faɗi kaurin da ya dace da shi.

Game da sayayya kuwa, ina bayanki. Injin markaɗe zai yi muku aiki sau uku a rana, garin kuma da zarar gwangwani ya ƙare sai an sake neman kuɗi. Ku zaɓi mai kaifin wuƙa da kofi mai ƙwari, ku haɗa da rariya mai ƙananan ƙofofi, saboda ranar da babu wuta turmi da rariya ne za su fisshe ku. Faten wake da aka surfe, faten dankali da kabewa, kifin da aka cire wa ƙaya tsaf, duk a markaɗa su har sai babu gudaji. Ki ɗebo a cokali ki karkata shi: idan ya zame a dunƙule, ya yi daidai, idan ya manne kamar tuwon da ya huce, a ƙara masa romo.

Sai dai yayanki ma yana da gaskiya, domin ruwa tsululu ya fi saurin wucewa kafin maƙogwaro ya rufe hanyar numfashi. Koko mai kauri da kunun gyaɗa da aka tace suna rage wannan matsala, amma miyau yana tsinka abin da aka yi da sitaci, don haka kada a bar kofin da aka fara sha ya daɗe. Idan likita ya ce lalle a kaurara ruwan sha, to a sayi garin ko da ƙaramin gwangwani ne, kada ƙishirwa ta busar da Baba.

Ku guji abincin da ya haɗa ruwa da tsaki wuri guda, kamar jiƙaƙƙen garin kwaki ko furar da ba ta damu sosai ba. Ya zauna a miƙe lokacin cin abinci, da ƙaramin cokali, ba tare da ana jan sa da hira ba, kuma kada ya kwanta sai bayan minti 30. Ƙwayoyin maganinsa ma kada ku daka su sai kun tambayi mai haɗa magunguna, domin akwai waɗanda dakawa ke lalata aikinsu.