Tambaya da Amsa: Shin Launin Fata Ke Sa 'Yan Sanda Su Kama Mutum?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar makaranta ce mai ritaya. Ɗana na uku ya samu gurbin karatun digiri na biyu a Amurka, kuma tun da labarin ya shiga dangi kawuna suka rabu. Yayata tana cewa kada in bari ya tafi, wai 'yan sandan ƙasar farautar baƙar fata suke yi, har ta nuna mini bidiyon mutumin da ɗan sanda ya danne wa wuya sai da ya cika. Ƙanin maigidana kuwa, wanda ya daɗe yana aikin kotu, cewa yake yi surutu ne kawai, baƙaƙe ne suka fi aikata laifi shi ya sa suka cika gidajen yari. Ina roƙo a fayyace mini gaskiyar lamarin, a kuma gaya mini abin da zan ja wa yaron kunne a kansa. Daga Hajiya, Ƙofar Marusa, Katsina.

Amsa: Wa alaikis salam, Hajiya. Allah ya sa wa karatun albarka, ya kai shi lafiya ya dawo miki da shi lafiya. Bidiyon da yayarki ta nuna miki ba ƙage ba ne. Mutumin shi ne George Floyd, wanda aka kama ranar 25 ga Mayu, 2020 a birnin Minneapolis bisa zargin ya yi sayayya da jabun dala 20, kuma ɗan sandan da ya danne shi da gwiwa fiye da minti tara, Derek Chauvin, an yanke masa ɗaurin shekara 22 da rabi a 2021. Amma maganar ƙanin maigidanki zan fi daɗewa a kanta, domin ta yi kama da hankali, kuma masu ilimi da yawa a nan gida suna riƙe da ita.

Hujjarsa ita ce yawan baƙaƙe a gidan yari, kuma yawan gaskiya ne: baƙar fata kimanin kashi 13 cikin 100 ne na mutanen Amurka, amma kusan ɗaya cikin uku na fursunonin ƙasar su ne. Sai dai Hausawa sun ce wanda aka kama shi ne ɓarawo, kuma littafin caji ofis sunan wanda aka kama kaɗai yake ɗauka. A ɗauka cewa an kafa shingen bincike a kan hanyar Jibiya dare da rana shekara guda, aka bar hanyar Kano babu ko ɗan sanda ɗaya. Ƙarshen shekara littafin zai cika da sunayen masu bin hanyar Jibiya, mai karantawa kuma zai rantse cewa mutanen Kano waliyyai ne, alhali aljihunsu ne kawai ba a taɓa lalubawa ba.

Abin da ya faru ke nan a birnin Niyok. A shekarar 2011 kaɗai 'yan sandan birnin sun tare mutane a kan titi don tambaya ko lalube sau fiye da 685,000. Fiye da kashi 80 cikin 100 na waɗanda aka tare baƙaƙe ne da 'yan asalin Latin Amurka, kuma kusan tara cikin goma an sallame su ba tare da an kama su ko an ba su sammaci ba. Da maganar ta je kotun tarayya, mai shari'a Shira Scheindlin ta yanke hukunci a 2013 cewa yadda ake gudanar da wannan aiki ya saɓa wa tsarin mulkin ƙasar, kuma cikin abin da ya bayyana a shari'ar har da cewa an fi samun makami a jikin fararen da aka tare fiye da baƙaƙen. Haka batun wiwi yake: bincike ya nuna farare da baƙaƙe kusan daidai suke shan ta, amma rahoton ƙungiyar kare 'yanci ta ACLU na 2013 ya nuna kama baƙar fata a kanta ya kusa ninka na farar fata sau huɗu.

Tun da ƙanin maigidanki ma'aikacin kotu ne, ya san kamu mafari ne kawai, bayansa akwai beli, da zaɓen tuhumar da za a shigar, da hukunci. Dokar Amurka ta 1986 ta raba hodar iblis gida biyu. Dunƙulalliyar mai arha, wadda aka fi kama talakawa baƙaƙe da ita, giram 5 ya isa a ɗaure mutum shekara biyar ba sassauci, garin kuwa, mai tsada, sai ya kai giram 500 kafin a yi wannan hukunci. Ko sau ɗaya dokar ba ta ambaci launin fata ba, amma ta kwashe samarin unguwannin baƙaƙe fiye da shekara ashirin kafin a rage tazarar a 2010, daga ninki 100 zuwa ninki 18. Sannan fiye da kashi 90 cikin 100 na hukunce-hukuncen laifi a ƙasar ta hanyar sasantawa ake samun su, wato wanda ake tuhuma ya amsa laifi don a rage masa. Wanda ba shi da kuɗin beli, yana tsare aikinsa na neman kuɓuce masa, shi ne ya fi saurin amsawa ko da yana da hujjar kare kansa. Har a hukuncin kisa abin ya bayyana. A shari'ar Warren McCleskey ta 1987 an gabatar wa Kotun Ƙoli binciken da ya nuna cewa a jihar Jojiya wanda ake tuhuma da kashe farar fata ya fi fuskantar hukuncin kisa, fiye da ninki huɗu, kan wanda ake tuhuma da kashe baƙar fata. Alƙalai biyar cikin tara suka ce hakan bai isa ba sai ya nuna an nufe shi da wariya shi da kansa. A ganina nan ne wuyar al'amarin take, domin kowane jami'i yana iya rantsuwa cewa shi bai ƙi kowa ba, amma idan aka tara ƙananan zaɓuɓɓukansu wuri guda sai a ga ma'aunin ya rinjaya gefe ɗaya. A Ingila ma, rahoton Macpherson na 1999 kan sakacin 'yan sandan Landan wajen binciken kisan matashi Stephen Lawrence ya ce wariyar ta shiga cikin tsarin aikin rundunar kanta.

Ba zan hana ƙanin maigidanki gaskiyarsa ba. Kashe-kashe da harbe-harbe sun fi yawa a wasu unguwannin talakawa baƙaƙe, kuma mazauna unguwannin su ne suka fi mutuwa a ciki. Amma unguwannin nan an daɗe ana hana mutanensu bashin sayen gida, makarantunsu kuma su ne koma-baya, kuma duk wanda ya san yadda talauci da zaman banza suka haifar da ƙauraye a garuruwanmu ba zai ɗora laifin a kan fata ba.

Laifi tudu ne, Hajiya. Mu nan launinmu ɗaya, amma muna da irin namu. Tun da matsalar 'yan bindiga ta addabi Batsari da Safana da Jibiya, Bafulatanin da ya shigo kasuwa da sandarsa zargi yake fara cin karo da shi kafin a amsa masa sallama. Mu ma idan muka sauka Kudu kallon da ake yi mana ke nan. A watan Maris na 2025 an kashe mafarauta 16 'yan Arewa a Uromi ta jihar Edo bisa zargin masu garkuwa da mutane ne. Zanga-zangar neman rushe SARS, rundunar 'yan sanda mai yaƙi da fashi, ta Oktoban 2020 ma tushenta tare samari ne saboda sumarsu ko wayar hannunsu ko kwamfutarsu.

Game da yaron, ki bar shi ya tafi, domin ɗimbin ɗaliban Najeriya suna karatu a can suna gamawa lafiya. 'Yan sandan Amurka suna harbe mutum kimanin 1,000 a shekara cikin al'umma fiye da miliyan 330, kuma rabon baƙaƙe a ciki, gwargwadon yawansu, ya ninka na farare fiye da sau biyu. Abin da za ki ja masa kunne a kai shi ne wasu ɗabi'unmu na ladabi suna iya zama haɗari a can. Idan an tsayar da motarsa kada ya fito don ya gaisa, ya zauna hannuwansa a kan sitiyari, kuma kada ya sa hannu a aljihu sai ya faɗi abin da zai ɗauko. Amadou Diallo, Bafulatani ɗan ƙasar Gini, walat ɗinsa ya zaro a ƙofar gidansu a Niyok cikin Fabrairun 1999, 'yan sanda huɗu suka harba masa harsashi 41, 19 suka same shi, kotu kuma ta wanke su. Kada ya kuskura ya miƙa na goro, domin sabon laifi ne. Idan an kama shi yana da haƙƙin yin shiru har sai lauya ya zo, da haƙƙin neman a sanar da ofishin jakadancin Najeriya, kuma kada ya sa hannu a takardar amsa laifi don kawai a sake shi, saboda hakan yana iya cinye masa biza.

Tambaya: Makiyayin da yake yi mini kiwo an tsare shi kwana shida a wani caji ofis saboda ana neman ƙanensa, an ce sai ƙanen ya kawo kansa za a sake shi. Shin doka ta yarda da haka? Daga Alhaji, Daura.

Amsa: Doka ba ta yarda ba, Alhaji. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 da Dokar 'Yan Sanda ta 2020 duk sun haramta kama wani a madadin wanda ake zargi, ta biyun ma ta ce launin mutum ko shigarsa ko ƙaurin sunan da aka liƙa wa jama'arsa ba hujjar zargi ba ce. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya wajabta a kai wanda aka tsare gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu kuwa kwana biyu, kuma Daura ba ta rasa kotu ba. Ka je da lauya wurin shugaban ofishin da takardar neman beli a rubuce, ka riƙe kwafinta. Idan an ƙi, lauyan ya shigar da ƙarar tauye haƙƙi a babbar kotu, kuma idan kuɗin lauya ya gagara, akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa, dukansu suna da ofis a Katsina kuma ba a biyan kuɗi don kai musu koke.