Allah ɗaya ne ko uku? Amsa ga wata ɗaliba a Maradi

Tambaya: Baba Fasto, barka da aiki. Ni Kirista ce, ina karatu a jami'ar Maradi. Abokiyar ɗakina Musulma ta tambaye ni yadda muke cewa Allah ɗaya ne alhali muna kiran Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Na kawo mata misalin ruwa da ƙanƙara da tururi, amma ni kaina bai kwanta mini ba. Me zan ce mata?

Amsa: Barka kadai, ɗiyata. Gara da bai kwanta miki ba, don misalin gurgu ne. Ruwa guda ne ke sake kama, in ya daskare ya daina zama tururi. Haka wani malami mai suna Sabeliyus ya koyar game da Allah a ƙarni na 3, ikilisiya kuwa ta ƙi. Buɗe Matiyu 3:16-17 ki gani: Yesu yana fitowa daga Kogin Urdun, Ruhu yana sauko masa kamar kurciya, muryar Uba tana fitowa daga sama, duka a lokaci guda. A lambun Getsamani ma, da Yesu ya faɗi rubda ciki yana roƙon Uba, ai ba da kansa yake magana ba.

Ki fara mata da kaɗaitar Allah. Da aka tambayi Yesu umarnin da ya fi girma, da ita ya buɗe baki (Markus 12:29). Mai cewa alloli uku ya bar hanyar Kirista. Bangaskiyarmu ita ce zatin Allah ɗaya ne, ba ya rabuwa, kuma tun fil azal akwai Uba da Ɗa da Ruhu a cikin wannan zati. Uba ba shi ne Ɗa ba, Ɗa ba shi ne Ruhu ba, ba kuma kashi uku aka yi wa Allah ba.

Abu biyu nake roƙo ki warware mata, don su ne na fi ji a bakin maƙwabtanmu. Maryamu ba ta cikin ukun, mutum ce da Allah ya yi wa alheri. Ba mu kuma ce Allah ya yi aure ya haihu ba, Allah ya kiyaye! Ɗan shi ne Kalmar Allah da ke tare da shi tun farko, ya zama mutum (Yohanna 1:1, 14).

A kan wannan gaɓar aka yi taron shugabannin ikilisiya a birnin Nikiya a shekarar 325, cikin ƙasar Turkiyya ta yau. Wani malamin ikilisiya, Ariyus na Iskandariya, ya ce Ɗa halitta ne, taro ya ce zatinsa ɗaya da na Uba. A 381 taron Kustantiniya ya tabbatar da allahntakar Ruhu Mai Tsarki.

Wataƙila ƙawarki ta karanto miki Suratul Ikhlas ko aya ta 171 ta Suratun Nisa'i. Ki saurara da ladabi. Saɓanin gaskiya ne, kada ki lulluɓe shi don ki faranta mata. Kafin ku sake zama, ki karanta Yohanna sura 14 zuwa 16 a tsanake, ranar Lahadi bayan sujada ki kawo mini abin da ya shige miki duhu.