Tambaya da Amsa: Me Ya Haɗa Kasuwar Kawo da Teku?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina sayar da kifin ƙanƙara da banda. Kwali kullum ƙara tsada yake, bandar da ake kawo mana daga kudu kuwa sai ƙanana. Dillalai na cewa kifin teku ne ke ƙarewa. Ruwa mai yawa haka zai rasa kifi? (Wata 'yar kasuwa, Kawo)

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Tsadar kwali dai, farashin dala ne kan gaba, domin titus daga arewacin Tekun Atlantika yake zuwa, wajen Norway da maƙwabtanta. Can ɗin ma ƙasashen sun daɗe ba su daidaita kan rabon kamu ba, har jimillar abin da suke kamawa ta riƙa wuce shawarar masana.

Ƙanƙancewar banda kuwa, dillalan sun faɗi gaskiya. Faɗin teku ba shi ne yawan kifi ba. Akasarin kifin da muke ci a ruwa marar zurfi na kusa da gaɓa yake girma, a bakin koguna da cikin saiwoyin itatuwan fadamar gishiri da ake kira mangurof. Gaɓar Najeriya kilomita 853 ce, kuma a wannan siririn zirin kowa ke jefa raga.

Kifi yana raguwa ne idan aka kama shi kafin ya yi ƙwai ko da sau ɗaya. Alamar farko ita ce wadda kike gani a tirenki: manya sun ɓace, sai 'ya'ya. Idan masunci ya ga kamu ya ragu, sai ya sayi raga mai ƙaramin ido don ya mayar da kuɗin mai, ya kwashe na baɗi a bana.

Dokar kamun kifin teku ta 1992 ta yi tanadi a kan wannan. Jirgi mai jan raga a ƙasan ruwa ba ya da izinin aiki cikin mil 5 na teku daga gaɓa, wato kimanin kilomita 9. Wannan yankin na masu kwale-kwale ne. Idon jakar ƙarshen raga kada ya gaza milimita 76 ga mai kamun kifi, 44 ga mai kamun jatan lande. A nan matsala take shiga: ragar jatan lande ba ta zaɓe, tana haɗawa da ƙananan kifi birjik, har da kunkurun teku. Saboda kunkurun ne ake ɗinka mata wata ƙofa ta ƙarfe mai sanduna, jatan lande ya wuce ta tsakaninsu, kunkurun teku ya bugi sandunan ya fice ta sama. Wasu matuƙa kan ɗaure bakin ƙofar da zarar sun yi nisa, wasu kuma su kutsa cikin mil biyar ɗin da dare. Doka a takarda ba ta tsare ruwa sai da sintiri.

Akwai kuma hutun ruwa. Ghana ta riƙa dakatar da manyan jiragenta a Yuli da Agusta, lokacin da kifin sadin ke zuba ƙwai. Abin da ya fi damun mu shi ne masana'antun garin kifi na Muritaniya da Senegal da Gambiya: sai an niƙe kilo 4 zuwa 5 na ɗanyen kifi kafin a sami kilo 1 na gari, a kai shi waje abincin dabbobi, alhali wannan kifin shi ne naman talaka.

Ke kuma, Hajiya, idan za ki sari banda, ki zazzage buhu ki duba ƙasansa, don nan ake ɓoye 'yan mitsi-mitsi. Ki nemi a ware su, ki ƙi biyan su kuɗin manya.

TAMBAYA: Ni masunci ne a Kogin Kaduna. Wannan magana ta shafe mu? (Wani mai karatu, Kabala)

AMSA: Ƙwarai kuwa, Malam. Dokar kamun kifin koguna da tafkuna ta 1992 ta hana guba da nakiya da lantarki. Mai zuba gamalin, wato maganin kashe ƙwari, a gurbi yana kashe tarwaɗa da ƙarfasa har da ƙwansu, kuma gubar tana bin kifin zuwa tukunya.

Ka auna kallinka haka: ka ja ido ɗaya ya miƙe, ka gwada daga ƙulli zuwa ƙullin da ke fuskantarsa. Inci 3 ake nema. Gidan sauro ba raga ba ne.

Farkon damina, da ruwa ya hau fadama, kifi ke bin sa ya zuba ƙwai. Kada a tare bakin fadamar a makonnin nan. Hanyar ba baƙuwa ba ce, domin a Argungu ana killace Matan Fada ba a su a cikinsa sai ranar biki. Ku zauna da Sarkin Ruwa ku zaɓi gurbi ɗaya mai zurfi, ku kafa masa alama, ku tsayar da ranar buɗewa da tarar wanda ya karya, sannan ku riƙa rubuta yawan kamu da tsawon kifi kowane mako domin ku kwatanta da na baɗi.